Budurwa da Masoyin Ɓoye: Daga Kurmin Japan Zuwa Gulbin Kaba

Gabatarwa

Ƙaramin al'amari ne ya haifar da wannan rubutu. Wata malama da ke koyarwa a wata makarantar sakandare ta ƙasar Tasawa ta karɓe salula daga hannun wata ɗalibarta, ƴar Kona, ana tsakiyar darasi. Ta yi zaton hirar saurayi za ta tarar a ciki. Sai ta tarar da shafuka na zane baƙi da fari, da ƴan kalmomin Faransanci a bakin mutanen da aka zana. Labarin wata yarinya ne da ta kamu da son wani saurayi wanda ba ya cikin bil'adama. Yayan ɗalibar da ke karatu a Maraɗi shi ya turo mata. Malamar ta karanta labarin a daren nan, ta mayar da salular washegari, sannan ta zo mini da tambaya: "Malam, wannan abu a hana shi ne ko a ƙyale shi?"

Cewa "a hana" ba ta da wuya. Sai dai tarihi ya nuna an sha hanawa, har an sha cinna wa irin waɗannan littattafai wuta, a Japan da kuma Kano, amma ƴan mata ba su daina karantawa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun labarin budurwa da masoyin ɓoye a can inda aka zana shi da kuma nan ƙasar Hausa, domin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su auna shi da ma'aunin da ya dace kafin su yanke hukunci.

Labarin da aka karɓe

Sunan labarin Hotarubi no Mori e, wato kusan a ce "zuwa kurmin hasken maƙesu", ƙwaron nan mai ƙyalli da dare a lokacin damina. Yuki Midorikawa, wata mai zane ƴar lardin Kumamoto da ke kudancin Japan, ita ta ƙirƙire shi. Ya fara fitowa a 2002 cikin LaLa DX, mujallar ƴan mata ta kamfanin Hakusensha, aka haɗa shi da wasu gajerun labaranta cikin littafi guda a 2003. A 2011 aka mayar da shi fim na zane mai tsawon minti 44, wanda Takahiro Omori ya ba da umarni. Irin wannan labari na zane shi Japanawa ke kira manga, wanda aka yi domin ƴan mata kuwa shojo manga. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar yadda almajiri ke karanta allonsa.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Hotaru yarinya ce ƴar shekara 6 da ta je hutu gidan danginta a ƙauye, ta ɓata cikin wani kurmi da aka ce mazaunin iskoki ne. Tana cikin kuka sai ga wani saurayi mai suna Gin, ya rufe fuskarsa da wani abu mai siffar yanyawa. Ta rugo za ta rungume shi don murna, ya kauce, ya faɗa mata cewa duk ranar da ɗan Adam ya taɓa jikinsa zai ɓace har abada. Sai ya miƙa mata sanda, ya riƙe kai ɗaya ta riƙe ɗaya, ya fitar da ita bakin hanya. Daga nan kowane hutu sai ta koma kurmin. Tana girma, shi kuwa kusan yana nan yadda yake, domin asalinsa jariri ne da aka yasar a daji, iskoki suka ji tausayinsa, mai dutsen ya riƙe ransa da wani tsafi mai rauni. Da ta zama budurwa, abota ta rikiɗe ta zama so, amma sharaɗin bai gushe ba. A wani bikin dare na iskoki sun tafi tare, kowa ya ɗaura bakin ƙyalle ɗaya a wuyan hannunsa don kada su rabu. A kan hanyar komawa wani yaro ya yi tuntuɓe, Gin ya tare shi, ashe yaron ɗan Adam ne da ya saje cikin taron. Nan jikinsa ya fara watsewa kamar hasken maƙesu. A wannan ɗan lokaci ne kawai suka rungumi juna, sau ɗaya, ya ɓace, aka bar ta da abin rufe fuskarsa.

Ke nan babu zagi a ciki, babu tsiraici, babu mugu ko ɗaya. Abin da ke riƙe da mai karatu shi ne tazarar da ke tsakanin mutum biyu, da shekarun da suka yi suna kiyaye ta.

Yadda ƴan matan Japan suka sami adabinsu

Wannan labari bai faɗo daga sama ba. A 1899 gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta faɗaɗa makarantun sakandare na ƴan mata a lardunan ƙasar. Cikin shekaru kaɗan sai aka wayi gari da wani rukuni na jama'a da ba a san shi a da ba: ƴan matan da suka wuce ƙuruciya, ba su yi aure ba, kuma sun iya karatu. Masu buga mujallu suka hango kasuwa. Mujallar Shojo-kai ta fito a 1902, Shojo no Tomo a 1908, Shojo Club a 1923. A cikinsu akwai gajerun labarai da hotuna, da shafin wasiƙu inda masu karatu ke zance da juna daga garuruwa masu nisa.

Bayan yaƙin duniya na biyu zane ya rinjayi zube a waɗannan mujallu. A 1953 Osamu Tezuka ya fara Ribon no Kishi, labarin gimbiyar da aka rena a matsayin yarima. Aka kafa mujallar Nakayoshi a 1954, Ribon a 1955. A wannan shekara ta 1955 ne ƙungiyoyin iyaye da na malamai suka ta da gangamin korar "miyagun littattafai", har aka riƙa tara manga a filayen makarantu ana ƙonawa. Zargin shi ne suna lalata tarbiyya kuma suna hana yara karatun kirki. Gangamin ya lafa, manga kuwa ya ci gaba da bunƙasa.

Har zuwa wannan lokaci maza ne suka fi yawa cikin masu zana wa ƴan mata. Sauyin ya zo ne a farkon shekarun 1970, lokacin da wasu mata matasa, waɗanda akasarinsu an haife su wajen 1949, suka karɓi alƙalamin. A 1972 Riyoko Ikeda ta fara labarinta na fadar Versailles a zamanin juyin juya halin Faransa, Moto Hagio kuma ta fara Poe no Ichizoku, labarin wasu matasa masu shan jini da ba su tsufa, suna kallon waɗanda suke ƙauna na tsufa suna mutuwa. Waɗannan mata su suka mayar da hankalin zane daga abin da ya faru zuwa abin da zuciya ta ji. Daga hannunsu Midorikawa ta gaji salonta. Wannan adabi kuma ya isa ƙasashen da ke amfani da Faransanci, har a 1978 aka fara nuna Candy a talabijin ɗin Faransa.

Akwai wani tushe da ya girmi mujallu. Tatsuniyoyin Japan cike suke da aure tsakanin mutum da abin da ba mutum ba, kuma kusan kullum da sharaɗi a ciki. Akwai gaurakar da ta zama mace ta auri talakan da ya cece ta, bisa sharaɗin kada ya leƙa ta tana saƙa. Akwai matar ƙanƙara da ta bar wani saurayi da rai bisa sharaɗin kada ya taɓa ba da labarinta, wadda Lafcadio Hearn ya rubuta cikin Kwaidan a 1904. A 1910 Kunio Yanagita ya buga Tono Monogatari, tarin labaran iskoki da ya ji daga bakin wani mutumin karkarar Tono. Marubutan Japan ba su bar waɗannan taskoki cikin kabad ba. Suna ta ɗiba suna sabuntawa, kuma sharaɗin "kada a taɓa ni" na Gin jikan "kada ka leƙa ni" ne na gauraka.

Abin da muka gada

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan masoyin ɓoye. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, inda Gulbin Kaba ya ratsa da goribarsa, ya san an hana yaro zama gindin tsamiya da tsakar rana, an hana budurwa zuwa rijiya da almuru. Ya kuma san tatsuniyar budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Samarin gari suka zo ɗaya bayan ɗaya ta ƙi su. Ran nan sai ga baƙo kyakkyawa, jikinsa sumul, ta ce shi take so. Iyaye suka yi faɗa, ta kafe. Aka ɗaura aure, suka kama hanya, sai da suka yi nisa cikin daji ya koma siffarsa ta gaskiya. A wata ruwaya maciji ne, a wata dodo ne, a wata kuma aljani. Sau da yawa ƙanwarta ko ƙanenta da ta rena shi ke ceto ta, ta komo gida ta auri wanda ta ƙi da farko. Wannan tatsuniya ta karaɗe Afirka ta Yamma, har Veronika Görög-Karady da Christiane Seydou suka fitar da littafi sukutum a kanta a 2001, mai suna La fille difficile.

Rubuta tatsuniyoyinmu ma ba jiya aka fara ba. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Kance da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, shi ne ya ba J. F. Schön labarai masu yawa da suka shiga Magana Hausa na 1885. Barth kansa ya ya da zango a Tasawa a watan Janairu na 1851. Tsakanin 1911 da 1913 kuma Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3. A lura da shekarun: kusan lokaci guda aka tattara labaran Tono da na ƙasar Hausa. Bambancin shi ne abin da aka yi da su daga baya.

Bayan tatsuniya akwai bori. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 sun kafa Maraɗi, suka riƙe tsofaffin al'adun fada, cikinsu har da sarautar Iya wadda ke shugabantar ƴan bori. Masana irin su Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda littafinta a kan bori ya fito a 1972, sun yi shekaru suna nazarin wannan yanki. Cikin iskokin da ƴan bori ke ambata akwai Doguwa, akwai kuma Ɗan Galadima, ɗan sarki mai kyau da ado da kyauta. A bakin jama'a kuma akwai namijin dare, wanda ake cewa yana zuwa wa budurwa a mafarki, ya kore mata manema.

Malaman Musulunci ma sun tattauna batun. Samuwar aljanu tabbatacciya ce a Alƙur'ani, har da sura mai sunansu. Badruddin al-Shibli, malamin ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen da suka shafe su cikin Akamul Marjan, inda ya kawo zancen aure tsakanin mutum da aljan. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik a kan haka, ya nuna ƙyamarsa ne saboda gudun kada mace ta yi ciki a tambaye ta ta ce na aljani ne, ɓarna ta yawaita. Wato shi ma abin da ya duba shi ne abin da zancen zai haifar a cikin al'umma.

Wannan ya nuna cewa a wurinmu masoyin ɓoye bai tsaya a shafin littafi ba. A ƙarshen 1995 ƴan mata da yawa a makarantun sakandare na Kano sun yi ta faɗuwa, abin da aka riƙa kira Sumbuka. A shekarun 2000 an ga irin haka a makarantun Nijar, kuma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kai. Malamin da zai tattauna irin wannan labari da ɗalibai dole ya san cewa wata a cikinsu tana jin tsoron abin da gaske.

Boko, soyayya da wuta

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya samo asali daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Littattafan da suka fito daga gare ta duk maza suka rubuta. Akwai aljanu a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, amma jaruman maza ne masu yawon duniya. Jiki Magayi ya taɓo soyayya, sai dai ramuwar gayyar namiji ce ke jan labarin. Mace tana nan, amma ba a shiga zuciyarta ba.

A Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya share fagen fim na zane a wannan yanki tun shekarun 1960, ya fitar da Toula ou le génie des eaux a farkon shekarun 1970, bisa wani labari na Boubou Hama. Fari ya addabi gari, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, aka zaɓi Toula, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta amma bai komo da wuri ba. A nan ma wasu ne suka yanke wa budurwa hukunci.

Sai abin da ya faru a Japan ya maimaita kansa. A 1976 Nijeriya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ƴan mata masu yawa suka koyi karatun boko da Hausa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da aka buga ƙagaggen labarinta da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, ƴar Fulani da ta zaɓi Yasir duk da ƙin danginta, sannan wata aljana ta shiga tsakaninsu tana son mijin. Abin lura shi ne, littafin da ya buɗe wa mata ƙofa soyayya ce haɗe da mutanen ɓoye, kuma budurwar da ta zaɓi mijinta ba a mayar da ita abin izina ba. A wannan zamani kuma finafinan Indiya irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, masu labarin macijiya da ke rikiɗa ta zama mace, sun sami karɓuwa ƙwarai a ƙasar Hausa.

Yaran da aka sa makaranta a 1976 su suka zama masu karatu da masu rubutu na ƙarshen shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Masu suka suka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano". Littattafan ƙanana ne masu araha, ana saye ana kuma haya, suna ƙetare iyaka ta Katsina da Jibiya su shigo Maraɗi, daga hannu zuwa hannu su kai ƙauyuka. Wadda ba ta iya karatu ba ƙawarta ta karanta mata, ko ta saurara a rediyo.

Zargin da aka yi wa manga a 1955 shi aka yi musu. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a. Ba za a ce masu wannan aiki ba su da hujja ko kaɗan ba, domin cikin littattafan akwai na banza. Amma sakamakon fa? Marubutan sun koma WhatsApp da Wattpad, inda babu edita kuma babu mai tacewa, kuma wasu abubuwan da ke yawo a can sun fi waɗanda aka ƙona muni nesa ba kusa ba. A ɗaya ɓangaren, gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna abin da ake samu idan aka buɗe fage aka sa alƙalai masu ilimi.

Awon labarin

Idan muka jera waɗannan labarai huɗu za mu ga matsayin budurwa yana sauyawa. A tatsuniyar marar tabo, son da ta yi shi ne laifinta, kuma labarin horo ne: ki bi zaɓin iyaye. A Toula ita ce abin yanka. A littafin Hafsat Abdulwahid ita ce mai zaɓi kuma mai fafutukar riƙe abin da ta zaɓa. A labarin Midorikawa kuwa ba a hukunta ta ba, ba a kuma ba ta abin da take so ba. An bar ta ta so, ta yi haƙuri, ta rasa, sannan ta ci gaba da rayuwa.

Wannan shi ne ƙarfin labarin, kuma a nan ne ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Sandar da Hotaru da Gin suka riƙe ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zance a ƙofar gida, saurayi a wancan bakin tabarma, budurwa a wannan, ƙanwa na zaune a gefe. Kunya da kamun kai, waɗanda iyaye ke kukan sun yi ƙaranci, su ne ginshiƙin labarin. Mai zanen ta san amfanin shiru: takan bar shafi kusan fari fat, daga inuwar itatuwa sai mutum biyu da tazara a tsakaninsu, ta bar mai karatu ya cike sauran. Ɗalibar da ta karanta wannan ta koyi cewa ana iya nuna zurfin so ba tare da an taɓa ko yatsa ba.

Yana da rauninsa. Iyayen Hotaru kusan babu su a labarin, kuma yarinya ƴar shekara 6 tana zuwa daji ita kaɗai wurin wanda ba a sani ba. Malami ya wajaba ya tsaya a nan ya ce wa ɗalibai wannan a takarda ne kawai yake ƙarewa lafiya. Haka kuma duniyar labarin ta ginu a kan addinin gargajiya na Japan, mai ganin kowane dutse da kurmi da mai shi, abin da ya saɓa wa aƙidar ɗalibanmu. Ba a ɓoye wannan, sai a bayyana shi, kamar yadda ake koyar da tarihin bori ba tare da an ce kowa ya shiga ba. Sannan kada kyan wannan labari ya sa a ɗauka duk manga haka yake. Akwai waɗanda aka yi domin manya, waɗanda ba su dace da aji ba ko kusa. Hanyar rarrabewa ɗaya ce, a karanta.

Akwai wani abu kuma da ƴar Tokyo ba za ta lura da shi ba, amma ƴar Kona za ta gani. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi yawa. Hotaru kuwa tana komawa kurmi shekara bayan shekara, tana nuna wa Gin sabon kayan makarantarta duk lokacin da ta haye wani mataki, har tana tunanin aikin da za ta nema in ta gama. Ga ɗalibarmu, iskokin kurmi ba su ne abin mamaki ba, ta san irinsu tun tana goye. Abin mamakin shi ne yarinyar da aka ba shekara goma ta girma, ta san zuciyarta, ba tare da an cire ta daga aji ba. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya hana ta ajiye salular.

Kammalawa

Tarihin nan guda biyu ya koya mana abu ɗaya. Duk al'ummar da ta sa ƴaƴanta mata makaranta ta haifi masu karatu, kuma masu karatu za su nemi labarin da ke magana da zuciyarsu. Idan ba su same shi da harshensu ba, za su same shi da na wasu. Japan ta ƙona manga a 1955, daga baya ta bar matanta suka ɗauki tatsuniyoyin kakanninsu suka sabunta, yau ga shi ana karanta su a Kona. Mu kuwa namu tatsuniyoyin suna kwance cikin juzu'an Edgar da kuma ƙirazan tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Don haka ga shawara uku. Ta farko ga malamai: a kawo irin wannan gajeren labari cikin aji, a karanta shi tare da tatsuniyar marar tabo, a tambayi ɗalibai wace budurwa aka yi wa adalci, kuma me ya sa. Ta biyu ga ƙungiyoyin al'adu na Tasawa da Mayahi: a tura ɗalibai mata da salular nan da ake karɓewa su ɗauki muryoyin kakanninsu suna ba da tatsuniyoyin aljanu da dodanni, a rubuta su da Hausar yankin, a ajiye sunan ƙauyen da aka ji kowace. Ta uku: a shirya gasar mayar da waɗannan tatsuniyoyi labaran zane masu shafi 20 ko 30, a ba ƴan mata damar sauya ƙarshen labari in sun ga dama. Takarda da biro baƙi sun isa a fara. Marguerite Abouet ta nuna da Aya de Yopougon, tun 2005, cewa labarin ƴan matan unguwa a Afirka yana iya zagaya duniya cikin zane. Ƙasar da ta haifi Moustapha Alassane, wadda ta buɗe makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973, kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ba ta da uzurin barin ƴan matanta suna jiran fassarar Faransanci.

Amsar da na ba malamar ke nan. Na ce kada ta hana, kada kuma ta ƙyale. Ta kira ɗalibar ta tambaye ta abin da ta gani a labarin, sannan ta aike ta wurin kakarta a Kona da tambaya ɗaya: a tatsuniyar da suka sani, yaya budurwar ta ƙare?